Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Gombe A Kan Filin Yaƙin Burmi

Mai Girma Gwamna, Alhaji Muhammadu Inuwa Yahaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan alheri, da roƙon Allah Ya yi riƙo da hannunka a kan nauyin jama'a da ke wuyanka, na rubuto ne a kan wani fili da ke Ƙaramar Hukumar Funakaye, kusa da Bajoga, wato kufan Burmi, wanda wasu ke rubutawa Mbormi. Na san teburinka cike yake da maganar hanya da ruwan sha da albashi da tsaro, kuma ba zan ce kufai ya fi ɗaya daga cikinsu gaggawa ba. Amma abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne, kuma irin abin nan ne da idan aka bar shi ya wuce, kuɗi ba sa dawo da shi.

Ranka ya daɗe, yaranmu na makaranta sun haddace cewa Turawa sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903, a filin Giginya. Da yawansu a nan labarin ya ƙare musu. Alhali Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru ɗan Ahmadu bai miƙa wuya a ranar ba. Watansa biyar kawai a kan gado, tun rasuwar Sarkin Musulmi Abdurrahman a Oktoban 1902, ga Kano ta riga ta faɗi a farkon Fabrairu. Da aka watse a Giginya manyan daula suka rabu biyu. Waziri Buhari da wasu malamai suka ga gara a koma gari a zauna da Nasara don a tsare wa talakawa addininsu da rayukansu, har Lugga, shugaban Turawan mulki na Arewa, ya naɗa Attahiru na biyu cikin mako guda. Shi kuwa Attahiru na farko ya zaɓi hijira, ya fuskanci gabas da niyyar Makka. Duk inda ya ratsa, ta ƙasar Zamfara da gefen Zazzau da Kano har Misau, mutane na barin gonakinsu a bakin damina suna bin sa, sarakai da malamai da manoma da mata da yara. Wannan tururuwar ce ta tayar wa Turawa da hankali fiye da takubban da ke cikin ayarin, domin ƙasar da ba mutane ba ta da amfani ga mai mulki. Ya aika musu cewa ba yaƙi ya fito ba, hanya yake nema ya wuce. Ba su bar shi ba.

A ƙasarmu tafiyar ta tsaya. Ranar 13 ga Mayu Kyaftin Sword ya zo wa Burmi da sojoji, aka wuni ana gwabzawa, mutanen garin suka hana shi shiga, ya ja da baya zuwa Bauchi da masu rauni. Wannan na cikin 'yan wuraren da aka taɓa kora rundunar Turawa a duk yaƙin cin Arewa, kuma a Funakaye aka yi shi. Sai suka tattaro ƙarfi daga wurare daban-daban, suka dawo ranar 27 ga Yuli da igwa da bindiga mai ruwa a ƙarƙashin Manjo Marsh. Kibiya mai dafi ta kashe Marsh a bakin ganuwa. Aka fasa garin, aka yi ta yi gida-gida har yamma, ƙarshen faɗan a wajen masallaci. Lissafin Turawan da kansu ya ce mutanen da aka kashe a ɓangaren Burmi sun haura 600, kuma an tarar da gawar Sarkin Musulmi da ta mutum wajen 90 a kewaye da ita. Suka yanke kansa, suka ɗauki hoto don nuna wa jama'a cewa magana ta ƙare, suka ƙone garin.

To, Mai Girma Gwamna, daular da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kafa da hijirar Gudu a 1804, numfashinta na ƙarshe a matsayin ƙasa mai cin gashin kanta a jiharka ta yi shi. Ba Sakkwato ba, ba Kano ba. Ban san wata jiha a Arewa da ke riƙe da amana irin wannan ba tare da ta yi mata komai na a-zo-a-gani ba.

Wanda ya je ziyara yau zai sauka daga kwalta ya bi hanyar gona. In damina ce, dawa da gero da masara ne za su tare masa ido ta kowane ɓangare. Akwai kabarin Sarkin Musulmi, akwai na Manjo Marsh can gefe, amma baƙo ba zai gane ina ganuwar ta bi ba, ina ƙofar da aka fasa, ina masallacin yake, ina aka rufe sauran ɗaruruwan, sai in ya yi sa'ar samun dattijon da ya ji daga kakansa. Ba na ɗora wa manoman laifi. Mutum ya gaji gona daga ubansa, ba wanda ya taɓa zuwa ya ce masa daga nan zuwa nan maƙabarta ce, me zai hana shi sa garma? Haka kuma ba a zamaninka abin ya fara ba. Wurin ya ga Jihar Arewa maso Gabas, ya ga Jihar Bauchi, ya shigo Jihar Gombe tun 1996, kowa ya samu ya bari.

Abin da nake tsoro shi ne a ji wannan koke a amsa shi da irin amsar da aka saba: a kira ɗan kwangila, a zana katafaren wurin shaƙatawa da ƙofa mai ado da rumfunan sayar da lemo, a yanka kintinkiri, bayan damina biyu rufin ya yaye. Burmi ba wurin shaƙatawa ba ne. Maƙabarta ce, kuma aji ne na karatu. Idan aka fara da wannan fahimtar, aikin zai zo da sauƙi da arha.

Farkon abin yi shi ne awo. A tura masu safiyo tare da masana tarihi da masu binciken kufai daga Jami'ar Jihar Gombe da ta Tarayya da ke Kashere, a haɗa da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, su bi sawun ganuwar tun ana iya ganin tudunta, su fitar da taswira, a yi wa filin takarda da sunan hukuma. Duk wanda gonarsa ta faɗa ciki a zauna da shi a gaban dagaci da hakimi, a biya shi diyya ta gaskiya ko a musanya masa da wata. Kada a kori kowa da sunan tarihi. Mutanen da aka ƙwace wa gona ba za su taɓa zama masu gadin wurin ba, kuma ba wani mai gadi da zai yi aiki a dajin nan in ba su ba. Daga cikin 'ya'yansu ya kamata a ɗauki biyu ko uku a koya musu labarin, a sa su a albashin ƙaramar hukuma, su riƙa zagayawa da baƙi.

Sai maganar da na san za ta taso, don haka gara in riga kowa faɗinta. Akwai malamanmu da za su ce gyara kabari ƙofa ce ta bidi'a, za a mayar da wurin wajen neman tabarruki da ɗibar ƙasa. Damuwarsu tana da tushe, kuma ba na neman a gina ƙubba ko a ɗaga kabari. Katanga nake nema wadda za ta hana shanu da garma, da allon bayani a wajenta. Ziyarar maƙabarta don tuna lahira da yi wa mamata addu'a kuwa Manzon Allah (SAW) ya yi izini da ita, ba mai jayayya a kai. A kira malaman ɓangarorin nan duka tun kafin a aza tubali, su faɗi iyakar da ba za a tsallaka ba, a rubuta, a bi. Yin haka ya fi a ce sai an gama gini sannan a ji sukarsa a wa'azin Juma'a.

Abin da za a rubuta a allon shi ne inda nake so in daɗe, ranka ya daɗe, domin a nan ake gane ko da gaske muke. Da Hausa da Fulatanci da Turanci, da boko da ajami, wannan ba gardama. Amma wane labari? Akwai mai daɗin faɗi: jarumai Musulmi a ciki, Nasara a waje. Gaskiya ne, sai dai bai cika ba. Sojojin da suka hau ganuwar Burmi, in ka cire hafsoshi 'yan ƙalilan, baƙaƙen fata ne, kuma da yawansu Hausa suke ji, wasunsu bayi ne da suka tsere suka shiga soja. Shi kansa garin Burmi ba na masarautar Gombe ba ne mai biyayya. Sansanin Malam Jibril Gaini ne, mai da'awar Mahadiyya, wanda ya shekara da shekaru yana yaƙi da sarakunan Gombe, har Sarkin Gombe Zailani ya rasa ransa a wannan rigima, kafin Turawa su kama Malam Jibril a 1902 su kai shi Lakwaja. Wato garin da ya yi wa daula tawaye shi ne ya buɗe wa Sarkin Musulmi ƙofa a ranar da manyan birane suka rufe nasu. Wannan ba abin kunya ba ne da za a ɓoye don kada ran wani gida ya ɓaci. Shi ne ma abin da zai sa ɗalibi ya tsaya ya yi tunani.

Kuma kada allon ya zama na mutum ɗaya. A Burmi akwai Etsu Nupe Abubakar da Turawa suka tuɓe, da Sarkin Misau Ahmadu, da Magajin Keffi Ɗan Yamusa wanda ya kashe Kyaftin Moloney a 1902, da Alfa Hashim da jama'ar Tijjaniyya na gidan Alhaji Umaru Futi, waɗanda Faransa ta riga ta koro daga Segu suka yi tafiyar shekaru kafin su iso nan. Sannan ga mafi yawa, talakawan da ba wanda ya rubuta sunansu. Kabarin Marsh ma a gyara shi a bar shi inda yake. Shaida ce, kuma mu ba a san mu da wulaƙanta gawa ba, ko da an yi wa namu.

Wani abin da ake mantawa shi ne hijirar ba ta mutu a Burmi ba. Ɗan Sarkin Musulmi, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya tsira da sauran jama'a, suka ci gaba har Sudan, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Shuɗin Nilu kusa da Sennar, kuma zuriyarsu na nan da sarautarsu. Alfa Hashim ya kai Madina, a can ya rasu. Tutar da Turawa suka ɗauke an maido ta Sakkwato a 1960, zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na uku. Ke nan akwai mutane a Sakkwato da Bida da Keffi da Misau da Sudan da ke da kaka kwance a Funakaye. Kai ne shugaban Ƙungiyar Gwamnonin Arewa. Wasiƙa ɗaya daga ofishinka zuwa fadar Sarkin Musulmi da takwarorinka na jihohin nan ta isa ta sa a raba nauyin, kuma ina kyautata zaton kamfanin simintin Ashaka da ke maƙwabtaka da wurin ba zai ƙi ba da gudummawar katanga ba in an nema.

In an gyara Burmi, sauran wuraren za su bi da kansu, don a hanya ɗaya suke a labari: kabarin Modibbo Buba Yero, wanda ya kafa masarautar Gombe, a Gombe Abba, Nafada inda hedikwatar masarautar ta zauna daga 1913 kafin a dawo Gombe Doma a 1919, da Dutsen Bima da masu jiran Mahadi suka ɗora wa ido. Motar makaranta ɗaya za ta iya zagaya su a zango guda. Amma wannan na gaba ne.

Mai gaggawar, wanda ba ya jiran kasafin kuɗi, shi ne muryoyin tsofaffi. Waɗanda suka ga yaƙin sun tafi tuntuni, 'ya'yansu ma haka. Jikokin da suka zauna a gabansu suka ji daga bakinsu su ne suka rage a Bajoga da Ashaka da Nafada da ƙauyukan bakin Gongola, kuma kowace shekara ana raguwa. Ɗalibai goma da wayoyin hannu da kuɗin mota za su iya naɗe abin da ke bakinsu cikin hutu ɗaya, a ajiye a jami'a, a ba gidan rediyon jiha kwafi. Ina roƙon ka ba da umarnin wannan tun yanzu, sannan ka sa ranar 27 ga Yuli mai zuwa a cikin ayyukanka, ka je Burmi da kanka tare da Mai Martaba Sarkin Gombe da Mai Martaba Sarkin Funakaye, a yi wa mamatan addu'a, a kafa turken farko na iyakar filin a gabanka.

Allah Ya taimake ka, Ya sa ka gama lafiya.

Naka,
Wani tsohon malamin tarihi,
Bajoga, Jihar Gombe.