Rahoton Kwamitin Mishan na Zumuntar Mata, Shekarar 2025

Iyayenmu mata da 'yan'uwa cikin Almasihu, muna gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ga rahoton abin da hannuwanku suka yi a aikin bishara cikin shekarar 2025. Lissafin kuɗi dalla-dalla yana cikin rahoton ma'aji. A nan za mu faɗi inda baikonku ya je da abin da ya yi a can.

Babban canjin da muka yi bana shi ne yadda muke tara baikon mishan. A da sai Lahadin mishan ta zo mu yi gangami, mu tara abin da ya samu, mu aika a dunƙule, daga nan shiru sai baɗi. Tun watan Janairu muka koma alkawarin wata-wata: kowace mace ta rubuta a kati abin da za ta iya, komai ƙanƙantarsa, tana kawowa a taron farko na wata. Wasu iyayenmu sun ji tsoron kada kuɗin ya ragu tunda babu zafin gangami. Mun gode wa Allah bai ragu ba. Abin da ya fi wannan kuwa, iyalin mai bisharar da muke tallafawa a ƙasar waje yanzu sun san lokacin da taimako zai iso. Mai gidan haya ba ya jiran Lahadin mishan, makarantar yara ma haka, balle ofishin sabunta takardar izinin zama. Matar mai bisharar ta rubuto mana cewa bana ne karo na farko da ta biya kuɗin makaranta tun kafin a koro yaran gida. Bulus ma abin da ya yaba wa ikkilisiyar Filibi ke nan a Filibiyawa 4:15-16, cewa sun yi ta aika masa da taimako har yana Tasalonika, ba sau ɗaya suka yi suka bari ba.

Ba mu sa sunan iyalin ko na ƙasar a rubuce ba saboda tsaronsu. Muna roƙo kada a ɗora hotunansu a Facebook ko a yi ta tura su a WhatsApp. Kowane wata mace ɗaya tana da alhakin aika wa matar saƙon murya, ta tambayi lafiyarta, ta yi addu'a da ita. Da ƙaramar 'yarsu ta kwanta asibiti, ta wannan hanya muka ji labari a ranar, muka haɗu muka yi azumi da addu'a. Yarinyar ta warke. A ganin kwamiti, matar mai bishara ce aka fi mantawa da ita a aikin mishan, alhali ita ke koyon baƙon harshe a kasuwa, ita ke riƙe gida sa'ad da mijin ya fita, kuma ta bakinta ne matan wurin ke fara jin bishara.

Ranar Juma'a 7 ga Maris mun yi Ranar Addu'a ta Duniya tare da matan wasu ikkilisiyoyi. Matan Tsibiran Cook da ke Tekun Pasifik ne suka shirya tsarin sujadar bana, bisa Zabura 139.

A gida, aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne ziyarar masu fama da cutar kuturta. Mun fara ranar 26 ga Janairu, Lahadin ƙarshe ta watan, wadda ita ce Ranar Kuturta ta Duniya, muka ci gaba har ƙarshen shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har yanzu ana samun sabbin masu cutar kimanin 200,000 a kowace shekara. Cutar tana da magani, kyauta ake ba da shi tun 1995, ana sha wata 6 ko wata 12 gwargwadon irinta, kuma wanda ya fara sha ba ya yaɗa ta. Duk da haka ƙyama ta sa mutane suna ɓoyewa har jijiyoyi su mutu. 'Yan'uwanmu ma'aikatan jinya sun koya mana yadda ake jiƙa ƙafa a ruwa, a kankare kantar a hankali, a shafa mai, a duba tsakanin yatsu ko akwai miki, domin ƙafar da ba ta jin zafi ƙusa za ta shige ta mai ita bai sani ba. Wata tsohuwa ta riƙe hannun 'yar'uwar da ke shafa mata mai ta ƙi saki, ta ce ta daɗe rabon da wani ya taɓa ta. Waɗanda suka fara zuwa da ɗari-ɗari su ne yanzu suke tambayar ranar komawa.

Ajin koyon karatu na manyan mata ya ci gaba, wasu cikinsu har sun tashi sun karanta aya a sujada. An ziyarci gwauraye da marayu kamar yadda aka saba.

Abin da ke damunmu shi ne ƙarancin matasan mata a wannan aiki. Nauyin ziyara yana kan iyayenmu da ƙarfinsu ya fara raguwa. Mun tambayi matasan, suka ce lokacin taron ya ci karo da aiki da makaranta. Saboda haka kwamiti yana ba da shawarar a mayar da taron mishan yammacin Asabar, kuma kowace uwa ta zo da matashiya ɗaya duk ranar ziyara. Za a kaɗa ƙuri'a kan wannan a babban taro.

Katin alkawarin 2026 yana hannun magatakarda. Wadda halinta ya canza ta rage abin da ta rubuta a katin 2025, babu kunya a ciki, ta dai rubuta abin da za ta iya cikawa kowane wata. A mayar da katin kafin taron farko na Janairu domin mu sanar da iyalin abin da za su sa ran samu.

Kwamitin Mishan, Zumuntar Mata