Laifin ba na makarantun da ke sayen wasa ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da abokan aikinka, musamman masu gabatar da shirin wasanni, wanda ba na bari ya wuce ni duk da bambancin lokaci tsakaninmu. A jihar Ohio ta Amurka nake zaune. A shirinku na kwanan baya an taɓo ƙwallon Amurka na jami'o'i, aka yi mamakin yadda babbar makaranta ke biyan ƙarama kuɗi don ta zo a lallasa ta, har aka kira abin da abin kunya. Ni ma haka na ɗauke shi a farkon zuwana. Yanzu kam na sauya ra'ayi, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Mu da muka saba da gasar Ingila mun san hukuma ce ke fitar da jadawali, kowa ya kara da kowa gida da waje. A nan ba zai yiwu ba. Makarantun da ke babban aji sun haura 130, wasa 12 kacal kowacce ke bugawa a kaka. Sai aka kasa su rukuni-rukuni, irin su Big Ten da SEC da Big 12 da ACC. Rukuni ne ke tsara wa makaranta wasa takwas ko tara, sauran uku ko huɗun kuwa ita ke nemo abokan karawa da kanta. Wani lokaci akan sa hannu a yarjejeniya shekara goma kafin ranar wasan, lokacin yaran da za su buga shi suna firamare.

In manya biyu suka yi yarjejeniya, bana a gidanka, baɗi a gidana. Shekarar da ka yi tafiya ka rasa kuɗin ƙofa ke nan, filin jami'ar Michigan kuwa yana ɗaukar mutum sama da 107,000. Ƙaramar makaranta ba ta neman a rama mata ziyara. Ta zo, ta karɓi kuɗinta, ta koma. Da kuɗin take riƙe sauran wasanninta, su ninkaya da guje-guje da wasannin mata, waɗanda ba sa kawo wani kuɗin kirki. Inda abin ke min ciwo shi ne yaran da ke shan gwaruwa a fili, kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi, domin sai a 2021 aka fara barin ɗan wasan jami'a ya sami kuɗi da sunansa.

Kuma ba kullum ake kwana a gado ba. A 2007 Michigan, tana ta biyar a jerin gwanayen Amurka, ta biya Appalachian State dala 400,000, baƙin suka doke ta 34 da 32 a gaban jama'arta. A 2022 makarantar nan dai ta karɓi dala miliyan 1.5 daga Texas A&M, ta ci ta 17 da 14, a ranar da ƙaramar makarantar Marshall ta kunyata babbar jami'ar Notre Dame. A 2024 Northern Illinois ta sake yi wa Notre Dame haka, 16 da 14. Wannan na kalle shi da abokan aikina, wani dattijo a cikinsu har tsalle ya yi kamar shi aka ba kuɗin. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, kuma da an hana irin waɗannan wasanni da ba mu ga ko ɗaya daga cikin ranakun nan ba.

In laifi ake nema, Malam Edita, a tafi wurin kwamitin mutum 13 da ke zaɓar waɗanda za su shiga zagayen sili ɗaya ƙwale na fitar da zakaran ƙasa. Da aka fara tsarin a 2014 da makarantu huɗu, an bar Baylor a waje, kuma cikin abin da aka yi ta faɗa har da cewa ta cika jadawalinta da raunana. Kowa ya ji, manya suka shiga ƙulla wasa da juna. Sai aka faɗaɗa gurbi zuwa 12 a 2024. A shekarar Indiana, wadda ta janye daga karawa da babbar makarantar Louisville, ta buga da ƙanana, wato FIU da Charlotte da Western Illinois, wannan ta ƙarshen ta ci ta 77 da 3. Ta gama kaka da rashin nasara ɗaya, aka shigar da ita.

A 2025 kuma Texas ta ɗauki ƙafa ta zo nan Columbus a makon farko, Ohio State ta ci ta 14 da 7. Texas ta gama da nasara tara da faɗuwa uku, aka bar ta a gida. Oklahoma, wadda Texas ta doke a kakar, ta shiga da faɗuwa biyu. Ban wanke Texas tas ba, don faɗuwar da ta yi a hannun Florida ba wanda ya jawo mata. Amma duk wani daraktan wasanni ya yi lissafin: da wata ƙaramar makaranta ta gayyato a makon farko, da faɗuwarta biyu ce. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Wa zai sake zaɓar zakaran dambe ya kara da shi, alhali mai ƙidaya yawan faɗuwa yake dubawa, ba wanda ya kayar da kai ba?

SEC ta yanke shawarar komawa wasa tara na cikin rukuni daga 2026, tare da tilasta wa kowace makaranta buga aƙalla wasa ɗaya da wata babba daga waje. Masu kallo sun yi murna. Ni abin da na hango shi ne gurbin ƙanana ya ragu, kuma su ne suka fi kowa buƙatar kuɗin.

Roƙona, in Allah ya kai mu aka buɗe kaka, ku ware wa wannan ƙwallo ko da minti biyar ne a shirin, ku riƙa faɗa mana wa ya biya wa, da nawa, da kuma wanda ya koma gida da kuɗi da nasara a haɗe.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Naku mai sauraro,
daga Columbus, jihar Ohio