Takardar Koke Kan Ƙofar Gawa ta Tsohuwar Maƙabartar Coci

Zuwa ga Shugaban Majalisar Ƙaramar Hukuma da Kansiloli,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu Hausawa mazauna wannan unguwa a nan Ingila, Musulminmu da Kiristanmu, mun kawo kuka kan rumfar katakon da ke bakin tsohuwar maƙabartar coci, wato ƙofar shiga mai rufi da aka gina a zamanin Sarauniya Victoria.

Sunan da Turawa suke kiran irin wannan ƙofa, wato lychgate, ya fito ne daga tsohuwar kalmarsu mai nufin gawa. A ƙarƙashinta ake sauke mamaci, masu ɗauka su zauna kan bencinan gefe su fake wa ruwa, har limamin coci ya fito ya tarbe su a bakin maƙabarta, kamar yadda littafin addu'o'insu na 1662 ya tsara. Mu da muka taso muna rige-rigen kama makara, ba sai an yi mana dogon bayani kan darajar wurin nan ba.

Ku zo ku duba aikin da kanku. Ginshiƙan na itacen ok ne (oak, wani itace mai ƙwari), an sassaƙa bakin wannan ya shige cikin wancan, aka ɗaure su da turakun katako. Hannu ya goge sakatar har tana sheƙi. Amma yau gindin ginshiƙai biyu ya ruɓe, yatsa ma yana nutsewa, tayil ya zazzame daga rufin, ruwa na bin sassaƙar yana cin ta. Abin na damun mu ƙwarai, domin nan tsofaffinmu suke hutawa in sun dawo daga kasuwa.

Tunda an daina binnewa a wurin kuma kulawarsa ta dawo hannunku, sashe na 215 na Dokar Ƙananan Hukumomi ta 1972 ya ɗora muku gyaran katanga da shingensa. A ganinmu ƙofa ba ta rabuwa da katangarta.

Muna roƙo a tokare rufin kafin sanyi ya shigo, a kuma kawo kafintan da ya san aikin dā, ya yanke ruɓaɓɓen wuri kawai ya yi masa ƙari da ok, kada a shafe gindin da siminti ya riƙe danshi. Sannan ku mara mana baya wajen neman Historic England, hukumar kula da wuraren tarihi ta Ingila, ta duba sanya ƙofar cikin gine-ginen tarihin da dokar kare irinsu ta 1990 ta kare. An fi tsananta tantance ginin da ya zo bayan 1850, don haka wasiƙarku za ta ƙara wa tamu nauyi.

Sa hannunmu na biye. Allah ya ja zamaninku.

Mu ne naku,
Hausawa mazauna unguwar