Rahoton ayyukan shekara na ƙungiyar iyayen yara da tsofaffin ɗaliban lekol ɗin unguwarmu, Garwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu maza da mata, yayyenmu da ƙannenmu, da 'yan uwa da ke bin mu ta WhatsApp daga Yawunde da Duwala da Marwa, barkanmu da ganin ƙarshen wannan shekarar karatu lafiya. Kwamiti ya ce in rubuto muku abinda aka yi daga Satumba zuwa Yuni tun kafin ranar taro dan kowa ya zo da maganarsa a shirye. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanta da rasit a gabanku, ni abinda ya shafi karatun yara zan kawo.

Shekarun baya duk kuɗin da muka tara a benci da kwanon rufi da gyaran ƙofa yake tafiya, kuma ba asara aka yi ba, yaro ba zai yi karatu ruwa na zuba masa a ka ba. Amma bana wani abu ya faru da ya sa muka canza hanya. Sati biyu bayan komawa makaranta na shiga ajin CM1, wato aji biyar na firamare, tare da direkta, metir ya rubuta darasi a allo, yara suka karanta gaba ɗaya da murya ɗaya har sai da na ji daɗi. Da aka tashi sai na kira wata yarinya da ta fi kowa ɗaga murya, na sa yatsa a kan wata kalma a tsakiyar layi na uku na ce 'yata karanta min wannan. Ta dubi kalmar, ta dube ni, sai ta koma farkon darasin ta fara jero shi daga sama da ka har ta iso inda yatsana yake. Haddacewa ta yi. Shekararta biyar a lekol kuma wallahi yarinya ce mai kai, in ta ɗau tallan gyaɗa ba a taɓa cutarta a canji, amma ba ta iya haɗa baƙi biyu na Faransanci ba. Ranar ban yi barcin kirki ba.

Toh da muka zauna da malamai sai muka ga abin ya fi ƙarfin yarinya ɗaya. Yaro ya taso da Hausa a gida da Fillanci a titi da kasuwa, ranar farko a SIL, wato aji ɗaya, sai a tare shi da Faransanci, ajin cike maƙil wani lokaci yara sun haura ɗari a gaban malami ɗaya, sannan da tsarin da ake wuce da yara gaba ɗaya daga SIL zuwa CP, wato aji biyu, ba maimaitawa, wanda bai kama baƙaƙe ba haka zai yi ta tafiya, malami kuma yana bin manhaja dan inspekta zai zo duba inda ya tsaya. Ba mu kaɗai ba ne, rahoton Bankin Duniya na 2022 ya ce a ƙasashen Afirka kudu da Sahara kashi 89 cikin ɗari na yara 'yan shekara 10 ba sa iya karanta gajeren labari su gane. Amma wannan bai sanyaya mana zuciya ba ko kaɗan, namu ne a gabanmu.

Babban aikin shekarar nan shi ne gwaji ɗaya bayan ɗaya da raba yara gwargwadon inda kowa ya tsaya. Wani ɗan ƙungiya da ya yi ENIEG, makarantar horar da malaman firamare, shi ne ya kawo shawarar, ya ce hanyar daga Indiya ta fito wurin wata ƙungiya Pratham, an gwada ta a Zambiya da Kodebuwa da arewacin Najeriya, kuma masanan da suka bincike ta, Abhijit Banerjee da Esther Duflo, suna cikin waɗanda suka ci kyautar Nobel a 2019. Abin ba wuya. Takarda ɗaya ce, a sama gajeren labari, ƙasa da shi 'yan jimloli, sai kalmomi, sai baƙaƙe zalla. A zaunar da yaro shi kaɗai a gindin dalbejiya ba bulala ba tsawa, a ga wanne yake iyawa. Daga CE1 zuwa CM2, wato aji uku zuwa aji shida, duk mun bi su. Sai aka manta da maganar aji, masu baƙaƙe wuri ɗaya ko da ɗan CM2 ne, masu kalmomi wuri ɗaya, masu labari wuri ɗaya.

Wasu iyaye ransu ya ɓaci da farko, wani baba ya zo har gida ya ce Malam sakatare an mayar min da ɗa cikin ƙananan yara an kunyata shi. Na gane zafinsa. Na roƙe shi ya ba mu wata biyu. Abinda ya taimake mu wurin bayani shi ne makarantar allo, dan duk mun san ba a kai yaro zube sai ya gama babbaƙu da farfaru, kuma ba wanda yake kallon shekarunsa, allonsa ake kallo. Da muka faɗa haka sai kowa ya yi shiru ya yarda. Kuma mun lura yaran da suka iya farfaru sun fi saurin kama yadda b da a suke zama ba, dan sun riga sun san baƙi da wasali suna haɗuwa su ba da sauti, inda suke wahala shi ne irin su ou da oi da an da Faransanci ke rubuta biyu a faɗi ɗaya.

Laraba da rana tunda ana tashi da wuri, da Alhamis da yamma tunda ba allo, da Asabar da safe, su ne lokutan. Muna godiya ga malaman allo da suka sassauta mana Asabar ɗin, Allah ya saka da alheri. Kayan aiki kuwa kusan ba a kashe komai ba, kwalin sabulu da na suga mata suka yayyanka aka rubuta baƙaƙe, murafen kwalba da tsinken tsintsiya a ɗaure goma goma na lissafi, sai allon hannu da alli. 'Yan lise da 'yan jami'a da suka zo hutu su suka riƙe rukunonin, kuma an ce musu in yaro ya kasa ganewa a yi masa bayani da Hausa ko Fillanci sannan a dawo Faransanci, ba laifi ba ne.

Yarinyar nan ta CM1, kafin hutun 11 ga Fabrairu na sake sa mata yatsa a tsakiyar wani rubutu da ba ta taɓa gani ba. A hankali ta yi, tana tsayawa tana haɗawa da leɓe, amma ta karanta, ta kuma faɗa min da Hausa abinda ya ce. Uwarta ta ce yanzu duk allon shago da suka wuce a hanyar kasuwa sai ta tsaya ta karanta.

A wurin gwajin ne kuma muka gano wani yaro da aka daɗe ana cewa daƙiƙi ne ashe ido ne, takarda a hannu yana karantawa, allo daga baya ne ba ya gani. An dawo da shi bencin gaba, an kai shi asibiti an yi masa tabarau.

Maganar takardar haihuwa, dan Allah iyaye a ji wannan. Ba a karɓar dosiyen CEP, wato takardun jarabawar gama firamare, ko na konkur ɗin shiga 6ème, wato jarabawar shiga ajin farko na sakandare, sai da ita. Mun bi wa wasu yara ta kotu sun samu, wasu kuma lokaci ya ƙure sun rasa jarabawar bana alhali sun shirya, abin ya yi mana ciwo sosai. Daga yanzu tun daga CE2, wato aji huɗu, za mu fara tambaya.

Akwai inda muka gaza kuma dole in faɗa. Karatun dare da fitilar sola bai ɗore ba, 'yan mata ba a barinsu su fito bayan magariba, mazan ma suka watse. Daga Maris zuwa Afrilu da zafi ya haura digiri 40 ga azumi, zuwan yara ya ragu ƙwarai har wasu suka koma baya, ya kamata a ce mun mayar da komai safiya tun da wuri. Sannan wanda ya fi damuna, tun 2000 aka ce firamare kyauta ce a Kamaru amma duk mun san malaman da iyaye ke biya su ne ke riƙe da wasu azuzuwan, kuma mu ne muka riƙe musu haƙƙinsu wata da watanni saboda karo karo baya shigowa, har ɗaya daga cikin masu ƙoƙarin ya bari ya koma tuƙa moto. Ban ga laifinsa ba, yana da iyali. Iyaye maza kuma, a yi haƙuri, duk ranar karɓar bilten, wato takardar sakamakon yara, mata ne ke cika wurin. Baba ko minti goma ne ka zaunar da ɗanka ya karanta maka, ko ba ka jin Faransanci za ka gane mai karatu da mai hadda.

Abinda kwamiti zai kawo gabanku a taro shi ne a fara gwajin tun satin farko na komawa, a ƙara na lissafi yadda ya kamata dan bana karatu ya cinye lokacin, a ware kuɗin malamai daban kar a taɓa shi dan wani gini, a kuma nemi mata biyu ko uku a kowane layi masu bibiyar yaran da suka yi fashi. Muna kuma neman matasa masu sa kai na dogon hutu, wanda ya shirya ya ba shugabar mata ko ni sunansa.

Taron a harabar lekol ne bayan la'asar, za a sanar da ranar a masallaci da kuma group. Kowa ya zo da bilten ɗin yaransa da takardar haihuwar wanda yake da ita. Wassalamu alaikum.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamiti