Takardar Koke Ga Mai Girma Hakimi Kan Filin Bakin Tsamiya

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
ta hannun Dagacin garinmu.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma, mu talakawanka manoma, samari da iyayen yara na wannan gari a ƙasar Zazzau mun kawo kuka a kan filin da ke gabas da kasuwa, wanda babba da yaro ke kira Bakin Tsamiya.

Kwanakin baya muka wayi gari muka tarar an kakkafa turakun siminti a filin, an yanka shi fuloti-fuloti, har an jibge yashi a daidai inda samari ke kafa ragar ƙwallo. Da muka tambaya sai aka ce wai an sayar. Wa ya sayar, kuma da yawun wa? Har yau ba a nuna mana takarda ko ɗaya ba.

Ranka ya daɗe, wanda ya zo daga birni zai ga fili ne kawai a kwance. Mu kuwa masussukarmu ce. Idan kaka ta yi, nan ake sussukar dawa, nan mata ke shanya masara da barkono. In aka raba mu da shi, sai bakin kwalta, kuma kowa ya san abin da mota ke yi wa mai shanya a gefen titi. Da hatsi ya shiga rumbu, fili ya koma hannun samari: kokawa bayan La'asar, dambe in mahauta sun zo da makaɗansu, yara na langa, 'yan mata na gaɗa a farin wata. Dattawa kuwa suna gindin tsamiya da dararsu, wasu cikinsu a nan aka kayar da su kokawa suna samari, ko da yake ba sa son a tuna musu. Da azumi ma nan 'yan tashe ke haɗuwa kafin su shiga unguwa.

Ba mu da filin wasa na Ahmadu Bello ko Dandalin Murtala irin na Kaduna. Farautar rani da samari ke fita a da, rashin tsaro ya hana shiga daji. Abin da ya rage musu ke nan. Yaron da ba shi da wurin huce gajiya da rani, ko dai ya tafi cirani, ko a tsince shi a kango tare da 'yan shaye-shaye.

Don haka muna roƙon a dakatar da duk wani gini har sai an zauna da Dagaci, masu unguwanni da dattawan da suka san iyakar filin tun kakanni. Dokar amfani da filaye ta 1978 ta ɗora wa ƙaramar hukuma alhakin filayen karkara, shi ya sa muke roƙon ka isar da kukanmu ga shugabanta, a auna filin a yi masa rajista a KADGIS, hukumar rajistar filaye ta Jihar Kaduna, da sunan al'umma. Mu kuma mun ɗauki alkawarin yin aikin gayya, mu kewaye shi da darbejiya kafin damina ta wuce.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara wa Sarki lafiya.

Masu biyayya,
Sarkin Noma, Sarkin Samari da wakiliyar mata,
a madadin jama'ar gari.