Ƙwarin shasi daban, taurin sifirin daban

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta bayanin da ya fito a shafinku na motoci game da ƙananan motocin gudu masu rufin da ake naɗewa, inda marubucin ya ce wai abin da ke sa irin waɗannan motoci su gajiyar da bayan mutum a kan gargada shi ne shasinsu, wato ƙashin jikin mota da komai yake ɗaure a kai, ya cika ƙwari. Ina roƙon a ba ni fili in yi gyara, domin na daɗe ina jin wannan magana a bakin direbobi har da wasu makanikai, kuma a iya sanina ta juya al'amarin ne a baibai. Ƙwarin shasi abu ne guda, taurin sifirin da shoka wani abu ne daban, kuma sau da yawa motar da shasinta ya fi ƙwari ita ce ta fi laushin tafiya.

Duk wanda yake so ya fahimci matsalar motar da ba ta da rufi, ya ɗauki kwalin takalmi a rufe, ya riƙe gefe da gefe ya gwada murɗa shi, zai ga ya ƙi. Idan ya cire murfin ya sake gwadawa, nan take kwalin zai murɗe a hannunsa. Haka motar zamani take, domin bodinta da shasinta abu ɗaya ne da aka haɗe da walda, kuma rufin ƙarfe da ginshiƙansa su ne murfin da ke hana akwatin murɗewa. Injiniyoyi suna auna wannan ƙwari ta hanyar ɗaure ɓangare ɗaya na motar, su murɗa ɗayan, su ga yawan ƙarfin da ake buƙata kafin ta karkace da digiri ɗaya. Idan aka yanke rufin ba a ƙara komai ba, wannan adadi yana faɗuwa warwas, tun da abin da ya rage yana haɗa gaban motar da bayanta shi ne daɓen ƙasa da dokin ƙofa na dama da na hagu kawai.

Yanzu a duba abin da ke faruwa idan taya ɗaya ta hau tudu ko ta faɗa rami. Aikin sifirin ne ya lotsa ya karɓi bugun, aikin shoka kuma ta kashe lilon da zai biyo baya, amma ba za su iya wannan aiki ba sai wurin da aka ɗaure su ya tsaya kyam. Idan shasin mai rauni ne, wani kaso na bugun ba ya shiga sifirin, sai ya tafi wajen murɗa jikin motar, jikin kuma ya zama wani ƙaton sifirin da babu shokar da za ta tsayar da shi. Shi ya sa a irin wannan mota direba zai wuce ramin amma jijjigar ba ta ƙare ba: gilashin gaba yana karkarwa, madubin tsakiya yana rawa har ba a ganin na baya sosai, sitiyari yana kaɗawa a hannu, ƙofofi suna ƙara. Wannan karkarwa ita ce mutane da yawa suke ji su ce motar ta yi tauri, alhali rauninta ne ya bayyana.

Kamfanonin da suke ɗaukar mota mai rufi su mayar da ita buɗaɗɗiya sun san da wannan, saboda haka suna ƙara kaurin dokin ƙofa, su gitta ƙarafa a ƙarƙashin motar, su ƙarfafa ginshiƙan gilashin gaba, su sa bango a bayan kujeru. Wannan yana taimakawa, sai dai ana biyansa da nauyi, domin ba abin mamaki ba ne motar ta fi 'yar'uwarta mai rufi da kilo 100 ko fiye, kuma duk da haka da wuya ta kamo ta a ƙwari. Wasu ma sukan rataya dunƙulen ƙarfe a kan roba a kusurwoyin motar domin ya riƙa lilo saɓanin karkarwar ya rage ta. Abin da ya fi dacewa da gyaran da nake yi shi ne cewa sau da yawa sukan sassauta sifirin irin wannan mota fiye da na mai rufin, saboda sun san shasin ba zai jure bugu mai kaifi ba. Ke nan raunin shasi yana ɗaure hannun injiniya: idan ya taurara sifirin motar ta yi ta karkarwa, idan ya sassauta ta riƙa kwanciya a kwana.

Motocin da suka yi suna a wannan fanni galibi waɗanda tun a kan takarda aka zana su ba rufi ne. Lotus Elan ta shekarar 1962 an gina ta a kan wani ƙashin baya na ƙarfe da ya ratsa tsakiyar motar daga gaba zuwa baya, kuma har yau ana yabonta da haɗa laushin tafiya da iya shan kwana, domin Colin Chapman, wanda ya kafa kamfanin, ya fi yarda da mota mara nauyi mai sifirin da ke da damar motsi. A 1996 kamfanin ya fito da Elise, wadda shasinta na alminiyum ne da aka manne da gam maimakon walda, nauyinsa kimanin kilo 68. Mazda MX-5, wadda ta fito a 1989 kuma aka ƙera fiye da miliyan ɗaya zuwa 2016, tana da wani dogon ƙarfen alminiyum da ya haɗa akwatin giya da aksul ɗin baya, kuma sifirinta ba mai tauri ba ne ko kaɗan, har masu son tsere sukan yi ƙorafin tana jingina a kwana. McLaren kuwa, da ta fitar da 12C Spider a 2012, ba ta buƙaci ƙara wa shasin komai ba, saboda kwamin da direba ke zama a ciki na zaren kabon ne wanda ƙarfinsa bai dogara da rufi ba, kuma ƙarin nauyin kimanin kilo 40 da ta yi a kan 'yar'uwarta mai rufi na kayan naɗe rufin ne.

Na san za a kawo mini Honda S2000 ta 1999, a ce ga mota mai shasi mai ƙwari kuma tafiyarta ba laushi. Gaskiya ne, amma wannan zaɓin masu ƙera ta ne, domin mota ce da injinta ke juyawa har kusan sau 9,000 a minti, an yi ta ne don mai son tuƙi mai zafi, aka ba ta sifirin da shoka daidai da haka. Ƙwarin shasinta shi ne ya sa ta iya ɗaukar wannan tauri ba tare da ta riƙa karkarwa ba. Haka kuma Porsche, da ta ɗora rufin ƙarfe a kan Boxster ta fitar da Cayman a 2005, ƙarin ƙwarin da ta samu ya ba ta damar taurara sifirin kaɗan, amma ba rufin ne ya tilasta mata hakan ba.

Idan ana neman ainihin abin da ke buga wa mutum baya a waɗannan motoci, a fara duba taya. Salon da ake yayi na manyan wili da taya mai gajeren gefe ya cinye iskar da a da take shanye ƙananan duwatsu da tsagar kwalta, ga shi kuma babban wili ya fi nauyi, shoka tana shan wahala kafin ta riƙe shi. Tayoyin da ake iya tafiya da su ko sun yi faci sun fi muni a nan, domin gefensu mai kauri ne da ba ya lotsawa. Sannan motar gajeriya ce, tana kusa da ƙasa, sifirinta ba shi da nisan tafiya kafin ya kai ƙarshe, kuma direba yana zaune daf da tayoyin baya, ta yadda duk abin da suka taka sai ya ji shi a ƙugu. Rufin ƙarfe mai naɗewa, irin wanda Mercedes SLK ta yaɗa tun 1996, yana rage ƙara da iska, amma maƙale shi ake yi ba walda ba, saboda haka ba ya mayar wa motar da ƙwarin da ta rasa.

Ga mai niyyar sayen irin wannan mota, musamman wadda aka yi amfani da ita, akwai gwaji mai sauƙi. Ya ɗora taya ɗaya ta gaba a kan tudu ya tsaya, ya buɗe ƙofa ya rufe. Idan ta cije ko ta ƙi shiga daidai, jikin ya murɗe fiye da kima, wataƙila ma tsatsa ta ci dokin ƙofa ko an taɓa yin haɗari da ita. Bayan haka ya sauke rufin ya bi hanya mai gargada a hankali yana lura da madubin tsakiya, ya ga ko karkarwar tana tsayawa da zarar an wuce ramin. Ina kuma roƙon marubucin shafin, duk lokacin da zai ba mu labarin motar da ya gwada, ya riƙa faɗa mana girman wilinta da irin tayar da ke kai.

Wassalam,
Wani mai bibiyar shafinku na motoci