Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Harkokin Teku: a fito mana da ƙidayar kifin Kainji

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe,

Ni ɗan masunci ne daga ƙasar Yawuri, ko da yake yau alli nake riƙewa a aji maimakon filafili. Na rubuto maka ne saboda tun da aka kafa ma'aikatarka a 2023, aka kuma maido sashen kula da kifi ƙarƙashinta, kai ne mutumin da za mu kai wa kukanmu. Kukan nawa a kan ƙidayar kifi yake: wa ya tara ta, ina aka ajiye ta, kuma wa ke amfani da ita ba tare da ya faɗi inda ya samo ba.

Ina yaro, akwai wani malami da kan zo kwata da sassafe, da sikeli a rataye da littafi a hammata. Jirgin Baba na tsayawa zai tsuguna ya ware kamun: karfasa gefe, kurungu gefe, falia gefe, in an yi sa'a ga giwan ruwa ɗaya tana numfashi a ƙasan jirgi. Ya auna, ya rubuta, ya tambayi kalli nawa aka zuba, idon ragar yatsa nawa ne, ƙarfe nawa aka fita. Duk wannan lokacin rana na ɗagawa, 'yan sari na tsaye, Inna na jiran abin da za ta ɗora a banda. Baba bai taɓa ce masa ya yi sauri ba. Yakan ce mana, "Ku bar shi, aikin ruwanmu yake yi." Har Allah ya karɓi ransa bai ji abin da littafin nan ya ce ba.

Kainji ba tafkin da aka yi wa sakaci da bincike ba ne, ranka ya daɗe. Tun da aka kammala madatsar a 1968, ruwa ya shanye tsohuwar Busa aka tashi mutane fiye da 40,000, masana ke bin kifinsa. Daga wannan aikin ne cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta Sabuwar Busa ta samo asali. Daga 1993 kuma shirin haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus ya yi shekaru yana ƙirga jirage da kayan su, wato kayan kamun kifi, da abin da ake kamawa. Waɗannan alƙaluma ne suka nuna yadda tarun dala da ake jan warangi, 'yan ƙananan kifin nan, da shi ke kwashe 'ya'yan manyan kifaye, har aka kai ga hana shi. Mun ga amfanin ƙidaya da idonmu, shi ya sa ɓoye ta ke yi mana ciwo.

Da na girma na so in koyar da ɗalibaina darasi da ruwan garinsu. Na nemi kamun shekara-shekara, aka yi ta yawo da ni daga wannan tebur zuwa wancan, wai sai wanda ke riƙe da mabuɗi ya dawo. Daga baya na ci karo da wata takarda da ta kawo adadin kifin tafkin, lamba ƙatuwa, babu shekara, babu sunan kwata, babu wanda ya auna. Na sake ganin lambar nan a wata takardar, an jingina ta ga ta farko. Haka tsohon adadi ke yawo daga hannu zuwa hannu kamar kwabo, mai karatu ya ɗauka na bana ne.

Wanda bai san ruwa ba zai ce ai lamba lamba ce. To, ga yadda ake samunta. Ana ƙirga jiragen da ke tafkin, a auna kamun wasu daga cikinsu a wasu ranaku, sannan a ninka. Idan adadin jiragen na shekara ashirin da suka wuce ne, lissafin ya karye tun daga tushe. Haka in an yi awon a lokaci guda aka shimfiɗa shi a kan shekara. Kainji ambaliya biyu gare ta: farin ruwa da ke zuwa da daminarmu, da baƙin ruwa da ke tasowa daga duwatsun Gini ya ratso Mali da Nijar ya iso mana cikin hunturu. Kamun kowanne daban, kayan sun kowanne daban. Mai gura da mai mamari da mai birgi ba kifi ɗaya suke kawowa ba. Duk lambar da aka raba ta da wata da wuri da kayan su, ta zama jita-jita, kuma da irinta ake kafa wa masunci doka, a ƙayyade masa raga, a yanka masa kuɗin lasisi.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin ma'aikatarka ba. A tattaro tsofaffin littattafan nan kafin gara ta gama da su, a shigar da su kwamfuta, a ajiye a intanet inda ɗalibin Birnin Kebbi da na Maiduguri za su samu ba sai sun san wani ba. Kowane adadi ya zo da shekararsa da kwatarsa da yadda aka auna shi. Duk wanda ya ɗauka ya sa a rahoto ko kundin digiri, a wajabta masa ambaton tushen, har da garuruwan da suka buɗe jiragensu aka auna. Malaman awo da suka yi ta sammako su ma haƙƙinsu ne a ambace su. In mutum ya san ba za a mance da sunansa ba, ba zai kulle littafinsa a akwati ba.

Kogin kuma ba namu ne mu kaɗai ba. Nijar na gina madatsar Kandaji a samanmu, kuma duk abin da ya taɓa baƙin ruwa zai taɓa hayayyafar kifinmu. Nijeriya na da kujera a hukumar kogin Neja da ke Yamai. A kai alƙalumanmu can, a nemo nasu, tun kafin a rufe ƙofar madatsar, domin mu san yadda ruwan yake kafin ya sauya.

Sai abu na ƙarshe, wanda ya fi damuna. A riƙa dawo da sakamakon kwata. Sau ɗaya a shekara, a tara Sarkin Ruwa da mutanensa, Sarkawa da Gungawa da baƙin masunta, a karanta musu da Hausa, a kuma watsa a rediyo: bana falia ta ragu ko ta ƙaru, warangi yaya, jirage nawa ne a ruwa. Ƙanina ne ke tuƙa jirgin Baba yanzu, kuma in mai sikeli ya zo gobe ina so ya tsaya masa yadda Baba ya tsaya.

Allah ya taimake ka.

Naka,
Wani malamin makaranta, ɗan masunci daga Yawuri